Ardo, da ludayi guda na ci rugarka da yaƙi

Ardo, bawana, ina gaisuwa irin wadda uwargijiya ke yi wa nata, wato a taƙaice. Ina shanu, ina ƙudaje? Iyali kuwa ba sai na tambaye ka ba, don na fi ka sanin abin da ke cikinsu.

An kawo mini maganar da ka yi a fadarku ta bakin tasha, gaban mutane, kana riƙe da kofin shayin da ba kai ka saya ba. Wai ka ce ɗan Fulani na asali ba ya cin ganye, ganye na shanu ne. Wai Allah ya raba aiki tun fil azal: saniya ta ci ciyawa ta mai da ita nono, Bafillatani ya sha, Ba'are kuwa da ba shi da haƙurin jira sai ya tsallake saniyar ya faɗa wa ciyawar kai tsaye. An ce har da masu tafa maka. To na ji, kuma na yaba, don rabon da wani naku ya haɗa magana mai kai da gindi haka an daɗe. Da a da ne sai in aika a ɗauko mini kai. Amma tun da hukumar UNESCO ta sa wasan taubasai na Nijar cikin kundin gadon al'adun duniya a 2014, zagin da nake maka ya zama dukiyar ƙasa, bai kamata in ɓarnatar da shi a tsakar gida inda mutum biyar kaɗai za su ji ba. Shi ya sa na kawo ka jarida.

Bari mu fara da abin da ka ɓoye wa ƴan fada. Ba ka gaya musu uwargidanka ta tafi biki Birnin Gaure ta bar ka da yara uku da tukunya ba. Ba ka gaya musu da bakinka ka ce mata ta tafi hankali kwance, wanda ya iya da garke ba zai kasa da miya ba. Ni kuwa ina da shaidu, kuma shaidun jininka ne. Babbar ɗiyarka ta ce ka cika tukunya da ruwa har wuya, ka tsoma kabeji ɗungurungum ko ganyen waje ba ka ɓare ba, ka jefa karas da jelarsa da ƙasarsa, ka bi da magi biyar, sa'annan ka ɗauko curin kanwar da zai ishi raƙumi lasa ka saka, wai don abu ya nuna da wuri. Na tsakiyan ya ce da suka matso su ga abin da ake yi, sandar kiwo ka ɗaga musu. Autan bai iya dogon bayani ba, amma da na tambaye shi yaya miyar Baffa take, sai ya runtse ido ya tofar da yawu. Ƙarshen labarin ne ya fi ba ni tausayi. Da ka ɗanɗana ka ji babu kai, sai ka koma ga maganin da kakanninka suka bar maka na kowace cuta, ka kwarara nono a ciki. Ya tsinke. Yara suka ƙi ci, karen maƙwabta ya shinshina ya yi gaba, kai kuma maimakon ka ce hannunka ne bai iya ba, ka wuce fada ka kafa dokar cewa Fulani ba sa cin ganye.

Washegari ta kama Juma'a, ranar kasuwar Dogon Dutsi, yunwa ta koro mini su da hantsi. Na ce musu a gidan Arawa ba a ɗora wa mai hannu da ƙafa akushi a cinya, wanda zai sha miya da shi za a nemo ta. Na ba babbar kwando, na damƙa wa na tsakiyan kuɗin cefane don ya ji shi ma mutum ne, autan ya kama bakin zanena, jikokina biyu suka shige gaba suna nuna hanya.

Kai ma kana zuwa kasuwar nan, na sani, amma iyakarka wajen bisashe, inda kuke yini kuna leƙa haƙoran tumaki kuna rantse-rantse. Ba ka taɓa ratsawa ta layin masu kayan miya ba, balle ka san ƙasar da ka baƙunta shekara da shekaru tana da abin faɗi ban da burtali. To ɗiyanka sun ratsa. Sun ga farar albasar Sukukutan, wadda masana noma ke kira da sunan garin, suna jera ta da ta Galmi in ana lissafin irin albasar Nijar. Sun ga dankalin turawa tuli-tuli daga lambunan da ke kewaye da Tapkin Saw, na gaya musu garin nan na cikin wuraren da aka fi sani da nomansa a ƙasar, tare da Bonkuku da lambunan duwatsun Ayar. Sun ga rake da rogo da dankalin Hausa da ake ɗorowa daga kudu, ta wajen Fadama, inda Dallol Mawri ke da ruwa kusa da ƙafar mutum. Na tsakiyan ya tsaya gaban tarin kabewa ya tambaye ni ko ƙwarya ce ba a fafe ba. Ɗan shekara bakwai, Ardo. A gidanka aka haife shi.

Na sa kowa ya zaɓi abu guda da hannunsa, na kuma yi alkawarin duk abin da aka zaɓa zai shiga tukunya. Babbar ta ɗauki yakuwa. Na tsakiyan ya ɗauki karas saboda launi. Autan ya rungumi kabewar da ta kusa kai shi nauyi ya ƙi saki, sai da muka saye ta. Mai kayan ta so ta tsuga mana kuɗi da ta ga fararen yara masu dogon hanci, ta ɗauka baƙi ne daga ruga. Da na buɗe baki ta ji bakin Arawa, farashi ya dawo hayyacinsa.

Kada ka ɗauka duk kayan nan gadonmu ne. Kabeji da karas da salati da dankalin turawa ba su cika kasuwanninmu ba sai bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta tashi haiƙan kan noman rani, aka yi ta haƙa rijiyoyin lambu a fadamu da bakin tabkuna. Kafin nan miyarmu daga bayan gida da daji take fitowa: kuka, kuɓewa, lalo, rama, tafasa, gasaya, yaɗiya, zogale. Da kaka a tsinke, a shanya, a ɗura a tulu ko buhu, a yi ta ci har damina ta zagayo. A nan zan ajiye wasa na ɗan lokaci. A waccan shekara da mutanenmu ke kira El Buhari, wadda rumbunan Arawa suka zama wayam, shanun Fulani suka zube a hanya, babu wanda ya tsaya tambayar ganye na wa ne. Iyayena da naka kwano guda suka sa wa hannu, kwaɗon tafasa ne a ciki, kuma da shi aka ga wata damina. Ka tambayi tsofaffin rugarku, in sun ga dama za su ajiye fulako su faɗa maka.

Da muka dawo gida, abu na farko buta da sabulu. Na tsakiyan ya ce ai ya wanke hannu da safe. Na ce daga safe zuwa yanzu ka taɓa kuɗi, ka taɓa jaki, ka taɓa hancinka, miƙo. Sa'annan na ɗauki kara na ja layi a ƙasa kewaye da murhu, taku biyu daga duwatsun, na ce duk wanda ƙafarsa ta ƙetare ya yafe rabonsa na ƙashi. Wuta da tafasasshen ruwa ba abokan wasan yaro ba ne, duk wadda ta taɓa zaman jinya a asibiti ta ga abin da tukunya ke yi wa mai rarrafe. Sai dai kai da tsoron wuta ya kama ka sai ka kore su daga tsakar gidan gaba ɗaya, alhali tsakanin murhu da ƙofar gida akwai aiki jingim wanda ba ya ƙona kowa.

Wankin ganye na ba ƙananan, a babbar roba, ruwa biyu, tun kafin wuƙa ta taɓa shi, don in an yanka kafin a wanke ruwa na tafiya da wani amfanin. Suka jiƙe sharkaf, ba wanda ya yi kuka. Daga nan autan ya samu faifai da damin alayyahu da zogale, aikinsa ya raba ganye da kara. Babu aikin da ya fi wannan dacewa da ɗan shekara uku: babu kaifi, babu zafi, ga ɓarna da izini. Wani ganyen ya faɗa faifai, wani ya faɗa ƙasa, wani ya wuce bakinsa ɗanye. Ya yamutsa fuska, ya ƙara. Na kau da kai, don da na ce masa “ci” da ya tofar.

Maza biyun, naka da nawa, na zube musu gujiya, irin ta mai da ƙuli-ƙuli, su ɓare su tsince. Doka guda ce: wadda ta yi baƙi, ko ta motse, ko ta yi hunhuna, a jefar. Irinta ce ke ɗauke da dafin da ke lalata hanta sannu a hankali, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Autan ya miƙo hannu na hana, ƙwayar gujiya tana iya sarƙe ƙaramin yaro, nasa rabon sai an daka. Da aka zo turmi ɗanka ya noƙe, ya ce Baffa ya ce daka aikin mata ne. Na ce masa ya je tasha bayan girbi ya ga samarin Arewa da na ruga suna cika motoci zuwa cin rani, Legas, Kwatano, Abijan, ya tambaye su wa ke yi musu tuwo a can. Wanda uwarsa ta bar shi ya tsaya kusa da turmi shi ke cin abinci mai zafi, har ƴan ɗaki su riƙa lallashinsa. Wanda aka ce masa namiji ba ya shiga madafa shi ke jiƙa gari da sukari har damina, ya dawo gida wuya ya ƙara tsawo. Bai gane duka ba, amma da ya ga jikana ya ɗaga taɓarya yana nishi irin na manya, kishi ya ƙarasa mini wa'azin. Sai da na raba su da ƙidaya, goma-goma.

Babbar kaɗai na ba wuƙa, ita ma ƙarama, kuma a kan katako za ta yanka, ba a tafin hannu irin yadda muka koya muka cika yatsu da tabo ba. Tumatir da tattasai da karas nata ne. Kabewa ni na fasa ta na fere, don bayanta na da taurin da ke sa wuƙa ta goce. Cire ƴaƴan kuwa kowa ya zura hannu har gwiwa, ana ihu, ana ƙyama, ana komawa. Muka wanke su muka shanya a kan rufin rumfa.

Tunda jarida ce, bari in faɗi yadda ake jera tukunyar, ko wani Bafillatanin zai tsira. Miyar taushe ba a zuba mata kaya lokaci guda. Mai kaɗan da albasa tukuna, sai ƙashi mai ɗan nama a jiki. Ba sai ka yanka sa ba, na san ma ba za ka yanka ba. Sai jajjagen tumatir da tattasai, a bar shi ya soyu har tsaminsa ya mutu. Sai daddawa. Mu ta batso muka sa, ta ƴaƴan yakuwa, wadda warinta ya sa ɗanka na tsakiya ya toshe hanci ya ce wani abu ya mutu a gidan. Na ce ya jira. Ruwa daidai yadda ƙashi zai nutse, ba kogi ba. In nama ya fara laushi a zuba kabewa, a rufe har ta nuna luguf, a farfasa ta da bayan ludayi. Ita ce kaurin miyar, ita ce zaƙinta, kuma ita ke sa yaro ya yarda da sauran. Dankali da karas su biyo baya don a same su da ɗan jiki a baki. Sai dakakkiyar gujiya, a dama ta da ruwa kafin a zuba, a janye itace don tana kamu. Yakuwa a gefe ake tafasa ta a zubar da ruwan farko in ana son rage tsami. Zogale da kabeji su shiga tare da ita, alayyahu da lawashi kuwa sai can ƙarshe, su ɗan risina kawai a sauke suna kore.

Kanwa ko ƙwaya ban sa ba. Na san daga wajen surukanka take zuwa, Dallol Boso, kuma tana da ranarta a miyar kuka da dafuwar wake, amma tana kashe wasu sinadaran ganye da jiki ke bukata. Magi ɗaya ya ishi tukunyar gida, don kusan rabinsa gishiri ne. Kai da ka sa biyar ka ƙara gishiri a kai, lasar shanu ka haɗa. Gishirin Foga, wanda ake tacewa daga ƙasa a dafa a kudancin jihar nan, shi kakanninmu suka sani kuma yana da daɗin baki, amma a tukunyar yara na fi son na leda mai sinadarin aidin, saboda maƙoƙo da kaifin ƙwaƙwalwa. Su da sauran lokaci, kai ne aka makara. Tonka kuwa a gefe na daka ta, babba ya barbaɗa a nasa. Yara da yawa da ake cewa ba sa son miya, yaji ne ba sa so, ba wanda ya tambaye su.

Kafin a sauke na kira majalisa a bakin layi. Na ɗiba da ludayi, na hura, na ɗiga wa kowa a tafin hannu, na ce me ya rage? Babbar ta lumshe ido ta ce gishiri kaɗan, kuma ta yi daidai. Na tsakiyan ya ce nama. Autan ya lashe ya sake miƙo hannu. A nan ne zan faɗi abin da zai sa ka kwana kana murmushi: na ɗauko man shanu na jefa cokali guda. Taushe ba ta cika sai da shi, kuma sinadarin nan na cikin kabewa da karas da koren ganye, mai kare ido da ƙarfafa jiki, sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukarsa sosai. Ka ga ashe Allah bai halicce ku a banza ba. Har takin da ya ciyar da kabewar ma na shanunku ne. Duk abin da ke fita daga saniya muna so, mai saniyar ne dai ba a bukata kusa da tukunya.

Na tuƙa tuwon hatsi, aka zauna, sai gardama ta tashi a kan kwano. Kowa na laluben aikinsa. “Wannan karas ɗin ni na zaɓe shi.” “Kaurin nan dakana ne.” Autan ya tsamo ganye guda ya ɗaga sama ya ce nasa ne, ya cinye kafin a ƙwace. Wanda ya ce wani abu ya mutu a gidan shi ya fara neman ƙari. Na daɗe ina renon yara, nawa da na mutane, kuma abin da na gani ke nan: yaron da aka dire wa kwano aka tsaya a kansa da tsawa, hukunci yake gani a ciki; wanda kuwa ya sha wahalar miyar tun daga kasuwa ba ya yarda a ce ba ta yi daɗi ba, don sunansa ne zai ɓaci. Aikin ya fi daɗewa, gaskiya ne. Abin da zan gama ni kaɗai kafin azahar ya kai mu la'asar, tsakar gida ta hargitse, an yi asarar tumatir da ludayi guda. Ba kullum uwa ke da wannan sararin ba, ga ɗiban ruwa, ga surfe, ga niƙa. Amma ko ranar kasuwa kaɗai aka yi, ya isa yaro ya bambance kabewa da ƙwarya.

Abin da ke ɗaure mini kai da kai shi ne, a kan saniya malami ne kai. Ka san ciyawa kaɗai ba ta riƙe ta da rani, kana sayen dusa, kana ɓoye harawa, kana kai ta lasar kanwa, in ta yi tari ba ka barci. Ɗan da ka haifa kuwa fura da safe, fura da rana, da dare a sake dama wadda ta rage. Ban raina nono ba, abinci ne na gaske, yana gina ƙashi da tsoka. Amma sinadarin ƙarfen da jini ke bukata kaɗan ne ƙwarai a cikinsa, shi ya sa yaron da aka tsare a kan nono da hatsi kaɗai za ka ga cikin idonsa ya yi fari, yana saurin gajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa abincin yaro ɗan wata 6 zuwa 23 gida takwas, ta ce a ƙalla ya samu biyar a yini. Fura da nono gida biyu ne. Tukunyata da tuwonta sun tara biyar a zama guda: hatsi da dankali, gujiya, nama, kabewa da karas da koren ganye, sai sauran kayan lambu. Ga waɗanda suka ɗan tasa kuma, shawarar da hukumar ta fitar a 2023 ita ce ɗan shekara 2 zuwa 5 ya samu a ƙalla giram 250 na kayan lambu da ƴaƴan itace a yini, ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 350. Na san ba ka da sikeli sai na ido, wanda kake auna bijimi da shi daga nesa. To auna autanka da shi, ka gaya mini in rabonsa da giram 250 na wani abu kore ba tun ranar da ya faɗa cikin harawa ba ne.

Da magariba ka zo ɗaukarsu. Unguwa duka shaida ce. Ka yi sallama daga zaure, ƙamshi ya tare ka, wuyanka ya miƙe kamar na zalɓe a bakin tabki. Na ce bismilla. Ka ce alhamdu lillahi a ƙoshe kake, yanzun nan ka tashi daga kan abinci. Wane abinci, Allah masani, tunda mun san abin da ke tukunyar gidanka. Na sa aka kai maka kwano zaure aka sakaya ƙofa, don na san Bafillatani ba ya ci ido na ganinsa. Ba a jima ba kwano ya dawo, babbar ɗiyarka ta leƙa ta ce, “Inna, wannan an wanke shi ne?” An ce sai miya ta ƙare ake sanin maci tuwo. Kai miyar ka share, ka bi da tuwon, ka aiko a tambaya ko da saura a gindin tukunya, wai za ka kai wa kare. Ardo, ba ka da kare.

Na ji kuma ka fara shirya hanyar tsira, kana cewa ai Ba'ara ce, wa ya san abin da ta barbaɗa. Kullum haka kuke, in Ba'are ya fi ku sai ku ce tsafi. To ban je Lugu ba, ban tambayi dutsen Tunguma ba, ban kai wa Baura na Bagaji ko kaza ba. Sarauniya Mangu da ta ƙi miƙa wuya ga ayarin sojan Faransa na Vule da Shanwan a Afrilun 1899 tana da manyan abubuwan da ake tuna ta da su, ba za a tashe ta saboda Bafillatani guda da kabejinsa ba. Ka kuma tuna a ƙarni na 19 kakanninka sun sha zuwa ƙasar nan a kan dawaki, Samna Karhe na Tibiri da abokan ƙawancensa na Kabi suka yi ta mai da su inda suka fito. Yau ga shi ba kibiya ba mashi, da ludayi guda na kama maka mutum uku, na huɗun ya kawo kansa zaure.

Saura lissafi. Kuɗin sharata na watan cika-ciki ba ka biya ba, na bara ma haka, duk na rubuta. Shanunka da suka fasa dangar lambun ƙanena cikin ɗarin nan suka cinye masa kabeji, wannan na yafe, don su kaɗai ne a gidanku suka san darajar kayan lambu tun kafin in koya wa sauran. Man shanun da na zuba a miya kuwa bashi ne, ka aiko da kwalba cike, kada a sirka. Ƴaƴan kabewar da muka shanya na ƙulle wa autanka a tsumma. In damina ta sauka a shuka su bayan garke inda taki ya taru, ka kuma tsare su daga maruƙanka, don in suka cinye ba ni za ka yi wa bayani ba, shi za ka yi wa.

In uwargida ta dawo daga biki kada ka ce mata kai ka koya musu, sun riga sun haddace labarin, har da na nonon da ya tsinke. Babbar ɗiyarka ta ce Juma'a mai zuwa a gidanku za a yi, ita ce mai tukunya, ta ma raba aiki: na tsakiya turmi, auta ganye. Na ce Baffa fa? Ta daɗe tana tunani, sa'annan ta ce zai iya ɗebo ruwa da faskare, amma a ɓoye kanwa, a ɓoye nono, kuma shi layinsa taku huɗu za ta ja.